Ranar da Baba Ya Ce "Na Ɗauka"

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa tambayata ma'anar wani rubutun boko, kuma amsar da na ba shi ita ta raba mu da fadamarmu.

Sunana Tukur, ɗan Malam Makau na 'Yargalma. A aji biyu na sakandare na bar makaranta a Bukkuyum. Ba korata aka yi ba, zaman ne ya gagare ni. Na yi facin taya a Anka wata biyar. Na yi kabu-kabu a Gummi da babur ɗin wani har muka ɓata. Na bi motar albasa zuwa kudu sau biyu, na dawo da tari da takalmi ɗaya. Inna takan ce ita dai ba ta san inda aka binne cibiyata ba, amma tana zaton a bakin titi ne. Baba kuwa ba ya faɗa. Duk sanda na dawo, sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To. Fadama na nan."

Fadamar tana bakin gulbi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba daga gida. Da damina shinkafa, da rani albasa da tumatir. A gefenta na gabas akwai mangwaro uku da kakana ya dasa, manya, waɗanda ko a tsakiyar bazara ƙarƙashinsu da sanyi. Ita ke ciyar da gidanmu, domin gonar tudu yashi ce, gero kawai take yi, shi ma sai ta ga dama. Ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna, don haka kowa ya san wa ake ajiye wa fadamar. Ni ma na sani. Shi ya sa nake yawona hankali kwance.

A shekarar dubu biyu na samu aiki wurin Alhaji Zakariyya na Gummi. Ya buɗe kamfanin sayen auduga, wadda a wajenmu muke ce wa kaɗa. Ofishin ɗaki biyu ne kusa da tasha, da katon sikeli a ƙofa, da allo mai launin kore an rubuta: RUMBUN YAMMA NAJERIYA LTD. Aikina awo da rubuta suna, tunda ina iya karatu daidai gwargwado. Aka ba ni babur sabo, ja. A karo na farko na yi wata uku a wuri ɗaya ban ji ƙafata na ƙaiƙayi ba.

Tsarin Alhaji shi ne a ba shi kaɗa, ya kai masaƙa, in an biya shi bayan kwana arba'in ya biya manoma da farashin da ya fi na kasuwa. A wasu ƙauyuka an yarda. A namu kuwa ko buhu ɗaya bai samu ba, saboda muna da al'ada. Ba a ba baƙo amfanin gona ya tafi da shi a kan sai an jima, sai in wani ɗan gari ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Na ɗauka." Babu takarda, babu dangwala yatsa. Amma daga wannan rana ba baƙon ake bi ba, wanda ya dafa ƙirji ake bi. Mutum uku ne kacal a garin da in sun faɗi haka ake sakin kaya, kuma Baba na cikinsu.

Alhaji ya san da wannan. Wata rana ya kira ni ofis ya ce, "Tukur, ka kawo min tsoho mu gaisa mana. Ai shi da mahaifina tare sunka yi fataucin goro."

Na ɗauko Baba a babur ranar kasuwar Gummi. Duk hanya yana riƙe da rigata yana cewa in rage gudu, shi bai shirya gamuwa da Ubangiji a kan ƙarfen wani ba. Da muka isa, bai shiga ba. Ya tsaya gaban allon ya sa hannu a goshi.

"Karanta min."

Na karanta.

"Rumbun Yamma. To wa ke nan?"

"Alhaji ne mana, Baba. Sunan da ya sa ma sana'arsa ne."

"Shi ba ya da suna?" Ya nuna ƙarshen allon da sandarsa. "Waɗanga ukun na wutsiya hwa? Ba ka karanta su ba."

Gaskiya ban san su ba. Na dai ji ana cewa limitid, kuma na ga duk manyan kamfanoni suna da su a jikin motocinsu. Amma ga Baba na tambayata abu, ni da ban taɓa zama mai amfani a gabansa ba. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Limitid ke nan. Wato babban kamfani ne, gwamnati ta san da shi, an yi masa rajista. Irin wannan ba ya gudu da kayan mutane."

Baba ya gyaɗa kai. "Ashe bokon bai tahi banza ba."

Alhaji ya fito ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Aka kawo fura mai sanyi. Suka yi ta hirar da. A hanyar komawa Baba ya ba ni labarin mahaifin Alhaji: wata shekara jakunansa suka nutse a gulbi da goron mutane, mutumin ya sayar da gidansa ya biya kowa, ya koma zaman aro har ya mutu. "Ɗan wannan gida," in ji Baba, "ba a yi masa tambaya biyu."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya dafa ƙirji.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Kwana talatin da takwas Alhaji ya zo da kansa ya biya kowa a gindin durumin kasuwa. Mutane suka riƙa tsayar da ni a hanya suna gaishe ni. Rabe, maƙwabcin fadamarmu, wanda tun ina yaro yake kirana Tukur Sarkin Yawo, ya koma cewa Malam Tukur na kamfani, ko da yake da dariya a bakinsa. Inna ta fara zancen aure. Baba ya ce a bari in cika shekara biyu a wuri ɗaya tukuna, a tabbatar ba aljanu ne suka tafi hutu ba.

Da damina ta zagayo, rabin gari ya shuka kaɗa. Masu gero suka rage gero. Har Ladi, wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da ke bayan gidanmu, ta shuke ɗan filin da mijinta ya bari kaf. Ranar awo ta kawo nata a ƙunshe cikin tsofaffin zannuwa, ta tsaya tana kallon allurar sikeli kamar za ta cinye ta.

"Tukur, kak ka cuce ni hwa. Na san ka tun kana tsirara."

"Haba Iya Ladi, a gaban mutane?"

"To mi? Ƙarya nika yi?" Ta juya wajen Baba da ke zaune a kan buhu. "Malam, ni ban san wani kamhwani ba. Kai na sani."

Baba ya ce, "Ni ɗin dai."

Motoci uku muka cika daga garinmu kaɗai.

Kwana arba'in suka cika, shiru. Alhaji ya ce masaƙa ce ba ta biya ba, a ƙara haƙuri. Aka ƙara ashirin. A rediyo ana ta cewa masaƙu na rage ma'aikata, wasu sun rufe, farashin auduga ya faɗi. Wata safiyar Litinin na je aiki na tarar da kwaɗo a ƙofar ofis, da wata takarda manne. Wani mutum mai kwat da ban taɓa gani ba ya karɓi makullin babur daga hannuna, ya ce kayan kamfani ne, za a haɗa a sayar. A ƙafa na taka zuwa tasha.

Da na gaya wa Baba, bai razana ba. Ya ce, "Sana'a ta gaji haka. Gobe mu tahi mu ga yaron, mu ji yadda za ya biya."

Gidan Alhaji na nan yadda yake, bene mai hawa ɗaya, da mota a rumfa, ana ma sabon fenti a katanga. Ya karɓe mu hannu biyu. Ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kaza. Idonsa ya yi ja, kuma ban ce na ƙarya ba ne, domin ya rame. Ya ce masaƙar da ya kai wa kaya ta rufe da kuɗinsa a ciki, duk abin da ya zuba a kamfani ya tafi.

Baba ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Allah shi mayar da alheri. To yaushe za a hwara ba mutane nasu? Ko kaɗan-kaɗan ne, za su yi haƙuri."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Baba, ai kamfani ne ya karɓi kaya. Abin da kamfani ya mallaka, shi za a sayar a raba."

"Mi ya mallaka?"

"Sikeli, da babura biyu, da mota ɗaya. Ita ma motar banki na da magana a kanta."

Baba ya dubi rufin ɗakin, ya dubi labule, ya dubi kwanon kazar da bai taɓa ba. "Wanga gida hwa?"

"Gida nawa ne, Baba. Ba na kamfani ba ne."

"Kamhwanin na wa ne?"

"Nawa ne."

"To."

"Amma a doka ni daban, shi daban."

Baba ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Zakariyya, jakunan ubanka da sunka nutse, shi daban su daban ne?"

Da muka tashi, Alhaji ya biyo mu har ƙofa ya cusa wa Baba wasu kuɗi a aljihu, wai na mota. Baba ya ciro su ya ajiye a kan dakali, ya ɗora ɗan dutse don kada iska ta kwashe.

Ni ban yarda ba. Na ce ƙarya ce, babu dokar da za ta ce haka. Washegari na ja Baba zuwa Anka wurin Jamilu, wanda muka zauna benci ɗaya da shi a makaranta. Shi ya ci gaba, yanzu akawu ne a ofishin wani lauya. Da ya gan ni ya fashe da dariya.

"Sarkin gudun aji! Yau kai ne a ofis da ƙafarka?" Sai ya hango Baba a bayana, ya miƙe da sauri ya ba shi kujera.

Na ba Jamilu takardun awo. Ya duba kan takardar, ya sa yatsa a ƙarƙashin haruffan nan uku, dariyar ta bar fuskarsa.

"Baba, in yi bayani?"

"Don shi munka zo, ɗana."

"In mutum ya yi rajistar kamfani irin wannan, doka na ɗaukar kamfanin kamar wani mutum ne na dabam. Shi ke saye, shi ke sayarwa, shi ake bi. Mai shi kuwa, iyakar abin da zai rasa shi ne abin da ya zuba a ciki. In kamfani ya faɗi, ba a taɓa gidansa, ba a taɓa gonarsa. Sai fa in ya sa hannu da kansa cewa ya tsaya wa kamfanin, ko a tabbatar da gangan ya yi zamba. Alhaji ya sa muku hannu a wani abu?"

Na ce a'a.

"To. Su waɗannan haruffa, dalilin da ya sa doka ta ce dole a rubuta su a allo da takarda ke nan. Gargaɗi ne. Ana gaya wa duk mai hulɗa da su: ka sani, akwai iyaka, in abu ya ɓaci ba za ka bi mai shi gida ba."

Ban iya duban Baba ba. Ina jira ya ce, ba haka yarona ya gaya min ba. Bai ce ba. Gyaran murya kawai ya yi.

"Ashe sun hwaɗi. Mu ne ba mu ji ba."

Jamilu ya ce, "Amma akwai abu ɗaya mai daɗi. Kai ma, Baba, ba ka sa hannu a komai ba. Kayan ba kai ka karɓa ba. In mutanen gari suka kai ƙara, da wuya a kama ka da wani abu. A rubuta sunayensu cikin masu bin kamfani, abin da ya samu a raba."

"Nawa za ya samu?"

Jamilu ya karkata kai. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wanda ya kawo buhu goma, da ƙyar ya ga kuɗin rabin buhu."

Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Muka kama hanyar gida.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, na dawo daga rijiya na tarar da Rabe a zaurenmu tare da liman da mai unguwa. Da na ji kalmar fadama sai na saki guga. Na jira suka fita, na shiga.

"Baba, me kake shirin yi?"

"Abin da ka ji."

"Jamilu ya ce babu abin da ya hau kanka! Babu takarda!"

"Ƙofar masallaci hwa? Ita ma babu ta?"

"Ba kai ka ci kayansu ba. Wanda ya ci yana can yana fentin katanga!"

"Shi ya sani. Shi tun hwarko ya rubuta iyaka tasa a allo. Ni da na dahe ƙirji, ka ji na ce na ɗauka zuwa wuri kaza?"

Na durƙusa a gabansa. Na ce laifina ne, ni na gaya masa abin da ban sani ba, ya bari in tafi kudu ko wurin haƙar zinariya in yi aiki in biya, ko shekara goma ce. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, har Inna ta leƙo daga tsakar gida ta koma.

Baba ya ce, "Ladi na iya jiran shekara goma? Rumbunta babu ko zangarniya, kaɗa ta shuka. Tashi, Tukur. Tambaya ɗaya na yi maka, ka ba ni abin da ke gare ka. Ni kuma ba don haruffa na tsaya ba. Uban yaron na tuna." Ya dafa kafaɗata. "Kai dai na so in bar ma wuri. Wannan ne ke ci na."

Ranar da aka shata iyaka aka miƙa wa Rabe fadamar, mangwaron na cikin fure, ƙudan zuma sun cika wurin da ƙara. Rabe bai yi ciniki ba, abin da liman ya faɗa shi ya biya, ya haɗa da shanunsa biyu da ya sayar. Duk da haka kuɗin bai kai ba. Inna ta fito da tumakinta huɗu ba tare da kowa ya tambaye ta ba. Da aka zo biyan masu kaɗa, wasu suka yafe rabin nasu, wasu suka karɓa suna kawar da kai. Mutum biyu suka karɓa suka kuma ƙirga a gabansa, ban manta da su ba har yau.

Ladi ta ƙi. Ta zo har gida ta ajiye ƙunshin kuɗin a gaban Baba.

"Malam, in ci kuɗin fadamarka? Da wane baki?"

"Da bakin ɗiyanki huɗu. Ɗauki."

"Wallahi ba ni ɗauka."

"Ke kin ce ni kinka sani. To in kin bar shi nan, kin ce ba ki san ni ba ke nan."

Ta ɗauka. Tana fita tana share ido da bakin mayafi, tana zagin kamfani da uwar kamfani da wanda ya haifi allo.

Bayan wata biyu na ratsa Gummi. Ofishin a buɗe, an sake fentin allon ya koma shuɗi, da wani suna dabam na sayen wake da riɗi. Haruffan nan uku na nan a wutsiya. Na tsaya na daɗe ina kallonsu. Yanzu na iya karanta su sarai.

Ban sake tafiya ko'ina ba. Abin dariya, sai da wurin zaman ya tafi sannan ƙafata ta daina ƙaiƙayi. Ni da Baba muka koma gonar tudu muna kai taki a kan jaki kafin ruwa ya sauka. Hanyar gonar ta bi ta kusa da gulbi. Kullum in mun zo mararraba sai jakin ya karkata hagu da kansa, wajen fadama, sai na ja shi. Baba yakan yi kamar bai gani ba.

Da mangwaro ya nuna, wata ranar Alhamis da yamma Rabe ya yi sallama a zaure. Ya shigo da kwando a ka, ya sauke a gaban Baba. Na gindin farko ne, masu jan kumatu, waɗanda Baba ke hana kowa taɓawa sai sun faɗo da kansu. Rabe ya kasa zama sosai, yana ta murza hularsa.

"Malam, na ce ba ni iya sa su baki ba a kawo nan ba."

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da shi cikin kwando a hankali.

"Madalla, Rabe. Mun gode ƙwarai. Mangwaronka ya yi kyau bana."

Na tashi na shige tsakar gida. Inna na can tana tankaɗe, ta ji komai ta cikin zana. Ba ta ɗago ba. Rariyar dai ta tsaya a hannunta, garin ya daina zuba.